Daga digiri 29 zuwa 58: yadda wata budurwa ta kai ga tiyatar ƙashin baya

Asalin lamarin

Yarinyar da aka bi diddigin lamarinta a nan haifaffiyar 2005 ce, ta uku cikin 'ya'ya bakwai, a wani gari mai tafiyar awa biyu a mota daga Kano. Mahaifinta ɗan kasuwar hatsi ne, mahaifiyarta malamar firamare. Ba ta da sikila, ba ta yi shan-inna ba, ba ta taɓa yin mummunar faɗuwa ba, kuma babu mai tarin fuka a gidansu. Duk asibitin da aka je sai an yi waɗannan tambayoyi, domin kowanne daga cikinsu na iya taɓa ƙashin baya.

Abin da aka same ta da shi likitoci na kiransa sikoliyosis, wato ƙashin baya ya karkace gefe, ya kuma murɗe, har haƙarƙarin ɓangare ɗaya ya turo ta baya. Ba shi ne ƙusumbin da tarin fuka ke haifarwa ba, wanda ƙashi ke ruɓewa mutum ya ranƙwafa gaba. Ana auna karkatar a hoton ƙashi da ma'aunin da likita John Cobb na Amurka ya fitar a 1948, kuma sai ta kai digiri 10 ake ƙirga ta a matsayin cuta. Yara 2 zuwa 3 cikin 100 na samunta a shekarun balaga. Kusan 8 cikin 10 na masu ita ba a gano musabbabi, kuma ta 'yan mata ta fi ta maza saurin ƙaruwa nesa ba kusa ba.

Yuni 2017 zuwa Janairu 2018: maganin gida

Ana gab da ƙaramar Sallah aka kai mata ɗinki. Mai ɗinkin ta gwada mata riga ta ga gefen dama ya ɗage, ta warware ta sake, bai daina ba. Sai ta ja uwar gefe ta ce, "Malama, ba daga ɗinkin ba ne. In kun koma gida ki duba bayan yarinyar nan." Da aka duba, kafaɗar dama ta fi ta hagu tudu, allon kafaɗar ya turo, ƙugun hagu kuma ya fi lotsawa. Ciwo babu ko kaɗan. Yarinya 'yar shekara 12 ta wuce a yi mata wanka, a waje kuma hijabi ya rufe komai, don haka ba abin mamaki ba ne karkata ta yi nisa ba wanda ya lura.

A gida kowa da nasa bayanin. Wasu suka ɗora laifin a kan bokitin ruwa da take ɗauka da hannu ɗaya, wasu a kan jakar makaranta, kakarta ta ce shafar iska ce. Aka raba ta da katifa aka mayar da ita tabarma ba matashi. Wanzami ya yi mata ƙaho sau biyu. Mai ɗori ya yi wata uku yana danna bayan yana ɗaure shi da zane, daga ƙarshe shi da kansa ya faɗa wa uban cewa bai ji karaya ba, bai ji gocewa ba, a kai ta asibiti a yi hoto. Daga ranar da mai ɗinki ta yi magana zuwa ranar hoton farko, wata takwas suka wuce.

Fabrairu 2018: hoton farko da rigar roba

Likitan ƙashi ya sa ta sunkuya hannuwa na lilo, tudun haƙarƙarin dama ya fito fili. Hoton da aka ɗauka tana tsaye ya nuna karkata ɗaya a bayan ƙirji, ta nufi dama, digiri 29. Ya duba alamar Risser a ƙashin ƙugu, wadda ke nuna saura nawa girma ya ƙare, daga 0 zuwa 5. Tata 0 ce, kuma ba ta fara al'ada ba. Ma'ana tsawon da za ta ƙara yana gaba, kuma a lokacin wannan miƙewar ce karkata ke gudu.

Ga yaron da bai gama girma ba, mai karkata tsakanin digiri 25 da 40, abin da ake yi shi ne rigar roba mai tauri wadda ake zuba ta daidai jikinsa. Hujja mafi ƙarfi a kanta ta fito a 2013, a wani bincike da Stuart Weinstein na Jami'ar Iowa ya jagoranta a kan yara 242. Cikin waɗanda suka sa rigar, kashi 72 cikin 100 sun gama girma karkatar ba ta kai digiri 50 ba. Cikin waɗanda aka zuba wa ido kawai, kashi 48 ne. Waɗanda suka riƙa sa ta kimanin awa 13 zuwa sama a rana, wajen 9 cikin 10 suka tsira.

Uban ya karɓi bayanin da hannu biyu, ya ce ai dama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Likitan ya gyara masa: rigar ba ta miƙar da baya, riƙe shi take yi a inda yake har girma ya ƙare. Aka rubuta awa 18 a rana.

Ta karɓi rigar a watan Maris, farkon bazara, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40 a ƙasar Kano. Azumin shekarar ma ya faɗo a Mayu da Yuni. Ƙuraje suka feso mata a hammata da ƙugu. A makarantar kwana babu inda za ta ɓoye ta, 'yan ɗakinsu suka laƙaba mata suna, ita kuma ta koma sa ta bayan an kashe fitila, ta cire kafin asuba. Da aka tambaye ta daga baya ta ce ba ta wuce awa 6. A gida tana cewa tana sawa, babu kuma mai hanyar tabbatarwa. Cikin shekara guda ta ƙara tsawon santimita 7, rigar ta yi mata kaɗan, sabuwa ba ta samu ba sai bayan wata biyar saboda kuɗi.

Nuwamba 2018, digiri 34. Ta fara al'ada a Disamba. Oktoba 2019, digiri 41, Risser 2.

2020: shekarar da ba a yi hoto ba, ciwo ya fara

An ba ta ranar dawowa a Afrilu 2020, watan da aka rufe Kano saboda korona. Ba ta koma asibiti ba sai bayan wata 17 da hoton ƙarshe. Rigar ta biyu ma ta matse ta, ta ajiye.

A zaman gidan ne ta koyi ɗinkin hula, tana yin awa 5 zuwa 6 a zaune kan tabarma, kai a sunkuye. Nan ciwo ya soma: zugi tsakanin allunan kafaɗa, ya fi ƙarfi a dama, yana tsananta da yamma, yana lafawa in ta kwanta. Mai kemis ya ba ta maganin ciwo, diclofenac. Ta yi watanni tana sha kusan kullum, sau da yawa ba ta ci komai ba, har ƙirjinta ya fara zafi irin na olsa.

Maris 2021: digiri 49, da maganar aiki ta farko

Hoto ya nuna digiri 49, Risser 4. Da aka ce ta kimanta ciwon daga 0 zuwa 10, ta ce 7.

Likitan bai yi saurin ɗora ciwon a kan karkatar ba. Wani bincike da aka buga a 1997 a kan yara 2,442 masu wannan cuta a Texas ya nuna kashi 23 cikin 100 ne suka zo da ciwon baya, kuma cikin masu ciwon, kusan 1 cikin 10 an gano wata cuta dabam a ƙarƙashi. Abin da ake tsoro shi ne ciwon da ke tayar da mutum daga barci, zazzaɓi da rama, kasala ko dindiris a ƙafa, ko karkatar ƙirji da ta nufi hagu. A ƙasarmu kuwa dole a kawar da zargin tarin fuka kafin komai. Aka gwada ƙarfin ƙafafunta da jijiyoyinta, aka yi gwajin jini da hoton ƙirji, aka yi hoton MRI na laka tun daga wuya har ƙugu. Duka lafiya. Da ya danna tsokar da ke kewaye da allon kafaɗar dama, nan ciwon yake.

Sannan ya kawo maganar tiyata, tunda daga digiri 45 zuwa 50 ne ake fara tattauna ta. Uban ya yi tambaya ɗaya: "Likita, in an yi aikin, ciwon zai tafi?" Amsar ita ce, "Alhaji, ba zan ɗaukar maka wannan alkawari ba. Aikin na tsayar da karkatar ne. Ciwon yana iya raguwa, yana iya zama."

Dalilin wannan amsa yana cikin wani dogon bincike dabam na Jami'ar Iowa, inda aka bi mutanen da ba a yi wa komai ba har tsawon shekara 50. Karkatar da girma ya ƙare tana ƙasa da digiri 30 galibi tana tsayawa. Ta ƙirji da ta kai 50 zuwa 75 kan ci gaba da ƙaruwa, kimanin digiri ɗaya a shekara. Rahoton 2003 ya nuna kashi 61 cikin 100 na masu karkatar suna da ciwon baya mai daɗewa, a kan kashi 35 na marasa ita, sai dai yawanci ciwo ne mai sauƙi ko matsakaici, kuma sun yi aure, sun haihu, sun yi sana'a. Ƙarancin numfashi ya fi bayyana ga waɗanda karkatar ƙirjinsu ta haura digiri 80.

Aka yi zaman dangi. Baffanta ya ce shi bai taɓa jin an taɓa laka mutum ya tashi ba. Goggonta ta kawo maganar aure da haihuwa. Uwar na son a yi, uban ya ce tunda ba a lamunce masa ciwon ba, bai ga dalilin kasada ba. Ita yarinyar, mai shekara 16, ba a nemi ta bakinta ba. Aka ce a jira.

Afrilu 2021 zuwa Janairu 2024: ciwo ya sauka, karkata ta hau

Aka tura ta sashen gashin ƙashi. Mako 12, sau biyu a mako, sannan ta ci gaba a gida minti 20 kullum. Atisayen na ƙarfafa tsokar da ke riƙe allon kafaɗa da ta ciki ne, da koyon tsayuwa a gaban madubi, da jan numfashi zuwa ɓangaren ƙirjin da ya lotsa, dabarar da ta samo asali daga Katharina Schroth a Jamus tun shekarun 1920. Aka hana ta diclofenac, sai farasitamol in ya matsa. Ɗinkin hula ya koma kan tebur da kujera mai majingina, tana miƙewa duk bayan rabin awa.

A mako na 12 ciwon ya sauko zuwa 3, zafin ƙirji ya tafi. A gida aka ɗauka ta warke, har baffan ya ce ga shi nan, da an biye wa likita da an yanka yarinya a banza.

Hotuna suka ci gaba da zuwa. Maris 2022, digiri 51, Risser 5, girma ya ƙare. Bambancin digiri 2 ba ya tabbatar da komai, domin likitoci biyu na iya auna hoto ɗaya su saɓa da digiri 5. Afrilu 2023, digiri 55. Janairu 2024, digiri 58. An samu ƙarin digiri 9 cikin ƙasa da shekara uku, fiye da abin da kuskuren awo zai iya bayani, kuma fiye da saurin da aka saba gani. Duk tsawon wannan lokaci ciwon yana nan a 3, wani watan ma 2.

Fabrairu zuwa Yuli 2024: yanke shawara

A wannan karon tana kwalejin ilimi, kuma ita ta ɗauki hotunan ta kai wa likita na biyu. Ya jera su a kan allon haske ya bar ta ta gani da idonta. Hoton da aka ɗauka tana lanƙwasa jiki zuwa dama ya nuna karkatar na saukowa zuwa digiri 31, wato bayan bai sandare ba tukuna. Gwajin numfashi ya ba da kashi 78 cikin 100 na abin da ake tsammani ga mai tsawonta.

Tambayoyinta ba irin na mahaifinta ba ne. Za ta iya ruku'u da sujada? Ya ce za a haɗe gaɓoɓi 10 ne, daga ta 4 a ƙirji zuwa ta farko a ƙugu, kuma yawancin sunkuyon mutum daga sauran gaɓoɓin ƙugu da kwatangwalo yake fitowa, waɗanda ba za a taɓa ba. Haihuwa fa? Mata masu irin wannan ƙarfe suna ɗaukar ciki suna haihuwa da kansu. Shanyewar ƙafa? A manyan rahotanni, lahanin jijiya a irin wannan aiki bai kai 1 cikin 100 ba, ruɓewar rauni 1 zuwa 2 cikin 100, wasu kuma sai an sake buɗe su bayan shekaru. Ya ƙara da cewa waɗannan alƙaluma daga wuraren da ke da cikakkun kayan aiki suka fito, don haka ta tambayi duk asibitin da za ta zaɓa abu uku: aiki nawa irin wannan suke yi a shekara, suna da na'urar da ke sa ido a kan laka yayin aiki, kuma akwai ɗakin kulawa ta musamman da jini a ajiye.

Iyalin sun duba hanyoyi da dama. Akwai asibitocin ƙashi na ƙasa a Dala ta Kano, da Igbobi ta Legas, da Enugu, akwai asibitocin koyarwa da masu zaman kansu. Akwai asibitin FOCOS da ke wajen birnin Accra a Ghana, wanda likita Oheneba Boachie-Adjei ya kafa, aka buɗe a 2012, ya kuma yi suna wajen gyaran karkata mai tsanani. Akwai Indiya da Masar. Kuɗi ya rufe ƙofar waje. Kusoshin da sandunan ma daga waje ake shigo da su, kuma dalar da ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati kafin Yuni 2023 ta haura 1,400 a farkon 2024. Kuɗin da aka faɗa musu a 2021 ya ninka fiye da sau biyu. Uban ya sayar da fili, dangi suka haɗa sauran, har da baffan. Suka zaɓi wani asibiti a cikin Najeriya da ya amsa tambayoyin uku. Ita ta sa hannu a takardar amincewa.

Agusta 2024: aikin da abin da ya biyo baya

An shiga ta baya. Aka murɗa kusoshi a gaɓoɓin, aka haɗa su da sanduna biyu na ƙarfen titaniyom, aka juyo da ƙashin, aka zuba ɓarɓashin ƙashinta domin gaɓoɓin su manne su zama ɗaya. Tsarin ya yi nisa da sandar da Paul Harrington na Houston ya fito da ita a farkon shekarun 1960, wadda ke miƙe baya ta hanyar ja kawai, mara lafiya ya yi watanni cikin filasta. Aikin ya ci awa 5 da rabi, an ƙara mata jini leda biyu, na'urar laka ba ta nuna matsala ba. Ta tsaya da ƙafafunta a kwana na 2, aka sallame ta a kwana na 7. Hoto ya nuna digiri 22, tsawonta ya ƙaru da santimita 3.

A kwana na 10 saman raunin ya fara tsattsafo da ruwa. Aka koma, aka tabbatar bai kai ga ƙarfen ba, wanki da maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako biyu suka rufe shi. Makonni shidan farko ciwon ya fi na da, har 8, tana sallah a zaune, uban kuma ya shiga damuwa ƙwarai. A wata na 3 ya sauko 4, ta koma makaranta, ta koma sujada. A wata na 6 ta koma atisaye sosai. Agusta 2025, digiri 24, ƙarfe na zaune daram, ciwo 2. Akwai wani yanki kusa da tabon da ba ta jin taɓi sosai. Tudun haƙarƙarin ya ragu amma bai ɓace ba. In ta yi mako biyu ba atisaye, ko ta daɗe a kan ɗinki, zugin tsakanin kafaɗun na dawowa a wurinsa na da.

Abin da ya yi aiki, da abin da bai yi ba

Cuta biyu yarinyar nan ta yi fama da su, iyalinta suka yi ta lissafa su a matsayin ɗaya. Ciwon na tsoka ne, kuma gashin ƙashi da gyaran zama suka sauke shi daga 7 zuwa 3, shekara uku kafin a taɓa ta da wuƙa. Tiyata ta same shi a 3 ta bar shi a 2. Da don ciwon aka sayar da filin, an yi asara. Karkatar kuwa atisaye bai tsayar da ita ba, tiyata ce ta sauke ta da kusan kashi 60 cikin 100 ta kuma tsayar da ita. Likitan farko da ya ƙi yi wa uban alkawari ya yi daidai, ko da yake amsarsa ce ta sa aka fasa aikin a lokacin.

Tabarma da ƙaho da ɗori ba su ƙara karkatar ba, bokitin ruwa ma ba shi ya kawo ta ba. Abin da suka ci shi ne wata takwas a daidai shekarun da rigar roba ta fi amfani. Ita rigar ba za a ce ta gaza ba, domin ba a gwada ta yadda ya kamata ba: awa 6 ba ta kai rabin abin da binciken 2013 ya nuna ana buƙata ba. Kuma ban ga laifin 'yar shekara 13 a nan ba. An miƙa mata roba a farkon bazara, ba wanda ya je makarantar ya yi magana da shugabar ɗakin kwana, ba wanda ya yi tanadin riga ta biyu alhali an san za ta yi tsawo, ba kuma wanda ya tambaye ta ita kaɗai, ba a gaban mahaifinta ba, ko tana sawa. A ganina nan ne aka fi yin sakaci, fiye da wajen mai ɗori.

Jinkirin 2021 ya fi wuyar yanke wa hukunci. A digiri 49 da Risser 4, jira tare da hoto duk shekara zaɓi ne da likitoci da yawa za su amince da shi, kuma iyalin ba su daina zuwa hoton ba, wanda shi ne sharaɗin da ya sa jiran bai zama ganganci ba. Ya ci musu digiri 9 da ninkin kuɗi. Ya ba su hotuna uku da suka nuna cewa wannan karkatar ba mai tsayawa ba ce, kuma wadda aka kwantar a 2024 ta san ciwon makonni shida na zuwa, ta san tudun ba zai ɓace duka ba, ta kuma san atisayen ba zai ƙare da aikin ba. Da a 2021 aka yi, mahaifinta ne zai sa hannu, yana jiran a cire mata ciwon da aikin ba zai cire ba.